Mama Hatimi da Kurciyar da ke Kifewa

Ƙarfe shida da rabi na safiyar kowace Lahadi, tun mai shara bai gama da baranda ba, Mama Hatimi ta iso coci. Za ta jawo ɗan teburinta daga bayan ƙofa, ta cusa naɗaɗɗiyar takarda a ƙarƙashin ƙafar da ta fi sauran gajarta, ta shimfiɗa farin ƙyalle, ta ɗora wani gwangwanin biskit da rabonsa da biskit tun Fastonmu na yanzu yana firamare. A cikin gwangwanin akwai hatimi, akwai tawada, akwai littafin sunayen yaran makarantar Lahadi. Sai ta gyara ɗankwali ta zauna tana fuskantar ƙofa. Shekara ashirin da bakwai tana wannan aiki, ba albashi, kuma ban taɓa jin an ambaci sunanta a sanarwa ba sai ranar da lemarta ta ɓata.

Sunanta na yanka yana nan a takardar aurenta, amma jikokinta ma Mama Hatimi suke ce mata. Lahadin da ta wuce ta ajiye aiki saboda gwiwoyi sun ce sun gaji. Ni ne magatakardan kwamitin coci, kuma na ga ya kamata in rubuta wani abu a kanta tun tana da rai, tana iya karantawa ta gyara mini.

Ga wanda bai san cocinmu ba, ga yadda abin yake. Can baya, iyaye sun mayar da makarantar Lahadi gidan raino. Uba zai sauke yara a bakin ƙofa ko injin babur bai kashe ba, ya koma gida ya ƙarasa barcinsa. Uwa za ta turo su ta wuce kasuwa. Dattawa suka ce abin ya isa, aka buga wa kowane mahaifi kati, aka ce duk Lahadin da mutum ya zo sujada a buga masa hatimi. Hatimin yana da hoton kurciya ta buɗe fikafikai. Aka nemi wanda zai riƙe shi, kowa ya sunkuyar da kai, sai wata mai koyar da ajin ƙanana ta ɗaga hannu, ita ce Mama.

Tsarinta bai taɓa canzawa ba. In ka shigo ka jefa katinka a gwangwani. Ita tana zaune a baya, inda take ganin ƙeyar kowa. Ba ta buga hatimi sai an yi addu'ar rufewa, sannan ka karɓi abinka a hanyar fita. Mun sha lura cewa kurciyar ba ta zama daidai. Wata rana ta fito a tsaye, wata rana a karkace, wata rana kuma a kife, ƙafafu a sama kamar kazar da aka fige. Muka ce tsufa ne. Zumuntar mata har tabarau suka saya mata. Ta karɓa da hannu biyu, ta sa, ta leƙa cikin coci ta ce, “Allah ya saka. Yanzu kam ina gani tar.” Daga wannan makon kifaffun kurciyoyi suka ƙaru, mu kuwa muka ɗora laifin a kan mai tabarau.

Masu dabara sun gwada ta, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Akwai telan layinmu da ya taɓa zuba katuna shida a gwangwani, nasa da na maƙwabta. Ta tsince su ɗaya bayan ɗaya, ta dube shi sama da ƙasa ta ce, “Mutum shida cikin riga ɗaya? Lallai ɗana ka iya ɗinki.” Ta buga nasa, ta mayar masa da biyar a bushe. Akwai mai gyaran waya da ya sassaƙa nasa hatimin da robar silifa, ya cika katinsa tsaf a gida. Ta riƙe katin ta jima tana kallo, sannan ta ce, “Wannan agwagwa ce. Kuma ko da kurciya ce, tawa ba ta taɓa tsaya maka a miƙe ba.” Muka yi dariyar agwagwar, ba wanda ya tsaya ya auna rabin maganar na biyu.

Mijinta ma, Allah ya ba shi hutawa, bai tsira ba. Ya zauna a gida wata Lahadi yana sauraron ƙwallo a rediyo, da ta dawo ya miƙa mata kati a kan teburin cin abinci. Ta ce masa hatimin ba ya aiki a gida. Ya ce ai shi ne mijin hatimin. Ta ce to ya bi matarsa coci.

Amma kada ku ɗauka mace ce mai son kama mutane. In katinka ya yi Lahadi uku bai shiga gwangwani ba, ranar Litinin za ka ji sallama a ƙofarka. Ta haka ta gano cewa mai askin kwanarmu ya kwana goma sha biyu a kwance ba wanda ya sani. Ta haka ta gano wata ’yar’uwa da ta daina zuwa saboda takalman yaranta sun mutu, tana jin kunyar kawo su. Mako mai zuwa yaran suka zo da takalma, kuma har yau ba wanda ya ji daga bakinta inda suka fito. Mama, ke ce kika san cewa gurbin da ba hatimi tambaya ce, kuma ƙafa ake takawa a je neman amsarta.

To, bara ne aka yi abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Shugaban kwamitinmu dattijo ne mai tsoron Allah, tsohon ma'aikacin ofis, wanda ba ya jimla uku bai ce “tsari” ba, shi ya sa muke kiransa Baba Tsari, a gabansa ma. Ya kawo shawara cewa daga yanzu ba yaron da zai shiga ajin baftisma sai uwarsa ko ubansa ya nuna hatimi talatin a shekara. Ya ce yaro ba ya koyon abin da bai gani a gida ba, kuma gaskiya ya faɗa. Muka ɗaga hannu gaba ɗaya. Ni na buga dokar da yatsuna, har na ja mata layi biyu a ƙasa, ina jin kaina wani babban mutum.

Yara goma sha ɗaya suka nemi shiga ajin. Goma suka kawo katunan iyaye a cike. Ta sha ɗayan yarinya ce ’yar shekara goma sha uku da muke kira ’Yar Direba. Mahaifiyarta ta rasu tun tana ƙarama. Mahaifinta yana tuƙa bas ɗin haya da ke bi ta gaban coci, kuma Lahadi ranar aiki ce a wurinsa. Kowace safiyar Lahadi tana zaune a kujerar gaba kusa da shi, ya sauke ta a ƙofa, ya yi ham sau biyu ya wuce. Katinsa fari fat, ko ɗigon tawada babu. Yarinyar nan kuwa tun tana shekara goma take ƙirga kwanakin shiga ajin, domin ta ji an ce mahaifiyarta ma a nan aka yi mata baftisma. Bisa dokar da na ja wa layi biyu, sunanta zai fita.

Direban ya zo wurin Mama wata Juma'a da yamma, da rigar aikinsa, yana murza hula a hannu. Matata tana gidan, ita ta ba ni labari. Ya ce, “Mama, don Allah ki taimake ni. Talatin ne kawai. Ba wanda zai sani. Yarinyar nan ta daina cin abinci.”

Mama ta ce, “Ni zan sani, ɗana. Ita ma za ta sani. Ba zan shigar da ita ruwan baftisma ta ƙofar ƙarya ba.”

Ya tashi ransa a ɓace, ko ruwan da aka kawo masa bai sha ba. Matata ta ce ita ma haushin Mama ta ji. Ta dawo gida tana cewa tsohuwar nan zuciyarta ta bushe kamar tawadarta, kuma ni ma da na rubuta dokar in nemi wanda zai dafa mini abinci.

Washegari Asabar kwamiti ya zauna a ɗan ɗakin da ke bayan bagade, mai fankar da ke kuka a kowane juyi. Akwai Fasto, akwai Baba Tsari, akwai shugabar zumuntar mata, da ni da littafina. Ta taga ina hango yarinyar a kan bencin baranda, ta haɗa gwiwoyi, tana riƙe da farin katin ubanta. Baba Tsari ya ɗauki jan biro ya ce abin da ciwo, amma tsari tsari ne, in aka karya wa ɗaya an karya wa kowa. Bai kai biron kan takarda ba muka ji sallama. Mama Hatimi ce, da gwangwaninta a hammata.

Ta gaishe da kowa yadda ya kamata, ta zauna ba a ba ta kujera ba, ta ce, “Baba Fasto, ni ba ’yar kwamiti ba ce. Amma tun da da hatimina za a yanke hukunci, ina so ku san abin da hatimin yake faɗa. Kowa ya fito da katinsa.”

Muka fito da su da alfahari. Baba Tsari ya ajiye nasa a tsakiyar tebur, hatimi arba'in da tara.

Ta ce, “In kurciya ta tsaya a miƙe, mutum ya zo kafin waƙar farko, ya tsaya har ƙarshe idonsa biyu. In ta karkace, ya makara. In ta kife, jikinsa ya zo, amma shi ya yi barci.”

Kowa ya sunkuya kan katinsa. Na ga hannun Baba Tsari yana tafiya a hankali zai rufe nasa, amma shugabar mata ta riga shi. Ta ɗaga katin sama tana ƙirgawa da ƙarfi, ba wanda ya sa ta. Kifaffu arba'in da ɗaya.

Baba Tsari ya yi gyaran murya ya ce, “Ni rufe ido nake yi don in yi tunani a kan wa'azi.”

Mama ta ce, “Haka ne, Baba. Tunanin naka har baya muke jin sa.”

Dariya ta kuɓuce mini, kuma a nan na yi kuskure. An ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ka shafa wa naka ruwa, ni kuwa na tsaya kallo. Ta jawo katina ta juya shi kowa ya gani. Kurciyoyina duk a karkace suke, a jere, kamar iska ta kaɗa su. Na ce matata ce ke ɓata lokaci wurin shiri. Ta ce, “Matarka a miƙe take, malam. Kullum tana riga ka da rabin awa, ta ce ta baro ka kana neman safa.”

Fasto, bawan Allah, ya tambaya cikin sanyin murya ko masu barcin suna da yawa. Ta ce ya danganta. In wa'azi ya wuce minti arba'in, tun a hannu take juya hatimin don kada ta wahala.

Da dariya ta lafa, ta ce mu duba Lahadi ta biyu ga watan bakwai. Muka duba. A katin shugabar mata, wadda ba ta taɓa makara ba, kurciyar ranar a karkace take. A na Baba Tsari ma haka. Mama ta ce, “Ran nan mutum ashirin da uku suka makara. Kun tuna dalili? Direba ne ya kwanta zazzaɓi, aka ba wani bas ɗin. Wancan ba ya jiran kowa. Shi kuwa wannan, Baba, minti biyu yake tsayawa a kwanar gidanka kowace Lahadi saboda gwiwarka, fasinjoji suna zaginsa. Hatiminka arba'in da tara, shi ya ɗauko su ya kawo. Da zai ajiye mota ya shigo ya zauna don ya cika katinsa, rabin katunan nan da ba su cika ba.”

Sannan ta buɗe littafin yara ta tura gabanmu. Layin ’Yar Direba, Lahadi hamsin da biyu, kurciya hamsin da biyu, duk a miƙe. Ta ce, “Ni ban yi karatu mai zurfi ba, ku ne masana. Amma ku gaya mini, wa za a sa a ruwan nan, uban ko ’yar?”

Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, kuma ba kunyar safa ba ce. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mu huɗu mun zauna da katunan barci da makara za mu rufe wa yarinya ƙofa, ita da ta fi mu zuwa.

A nan zan ba Baba Tsari haƙƙinsa. Ya jima yana kallon katinsa. Sai ya cire tabarau ya goge ido, ya ce, “Minti biyu? Ni na ɗauka lokacin bas ɗin ke nan.” Ya ɗauki jan biron da ya zo soke sunan yarinya da shi, ya soke dokar. Ya ce in rubuta sabon tsari: zuwan yaro shi ne shaidar yaro, katin iyaye kuma ya ci gaba, amma don a san wanda za a je dubawa. Ya tashi da kansa, yana ɗingishi, ya fita baranda ya kira yarinyar. Ban ji abin da ya ce mata ba, na dai ga ta fashe da kuka tana dariya, katin ya faɗi ƙasa.

Har yau in an tambaye ni ko ya kamata coci ya nemi shaidar zuwa kafin ya koyar da yaro, sai in ce a nemi shaidar, amma a fara neman wanda zai iya karanta ta. Mu shekara ashirin da shida muna riƙe da kati a aljihu, muna zaton mai bugawa ce ba ta gani.

Ranar baftisma direba ya yi musayar aiki da wani abokinsa. Ya zo da sabuwar riga da guga har tana ƙyalli, ya jefa katinsa a gwangwani karo na farko, ya ƙi haɗa ido da Mama saboda abin da ya wuce. Baba Tsari ya jawo shi ya zaunar kusa da shi a benci na biyu. Mutum ne da ke tashi tun asuba kwana bakwai a mako, ga benci, ga iskar fanka, ga Fasto ya samu cikar jama'a ya manta da minti arba'in. Ba a yi nisa ba kan direba ya kwanta a kafaɗar Baba Tsari, kan Baba Tsari ya kwanta a kan nasa, suka shiga tunani tare. Da aka zo kiran sunayen yara, Mama ta taso daga baya, abin da ba ta taɓa yi ba ana cikin sujada, ta taɓa shi da kan lema ta ce, “Tashi, ɗana, an zo tasharku.” Ya farka ya ga ’yarsa cikin farar riga tana takawa zuwa ruwa. Ya yi kuka a fili, bai ɓoye ba, mu ma da yawa muka taya shi.

A bakin ƙofa ya karɓi katinsa. Kurciya ɗaya tak, a kife. Ya dubi Mama, ta ce, “Gaskiya ce, ai ka yi. Amma kada ka damu, yanzu matsayinka ɗaya da shugaban kwamiti.” Ya durƙusa ya riƙe hannunta ya ce ta yafe masa fushin da ya yi. Katin nan yana maƙale a gaban bas ɗinsa har yau, kusa da madubi. In fasinja ya ce masa tsuntsuwarsa ta kife, sai ya ce a bar ta haka, ba a taɓa ba shi takarda mai gaskiya kamarta ba.

Lahadin da ta wuce aka yi wa Mama bankwana. Aka zaunar da ita a bencin gaba, karo na farko cikin shekara ashirin da bakwai da ta ga fuskar mai wa'azi ba ƙeyar jama'a ba. Telan nan mai mutum shida ne ya gaji gwangwanin, ita da kanta ta zaɓe shi, ta ce wanda ya san dabara shi ke kama ta. Fasto ya yi wa'azi a kan aminci, ya yi ta yabon ta, ya wuce minti hamsin. Na leƙa, sai na ga ɗankwalin Mama yana sauka a hankali. Da aka tashi, tela ya miƙa mata katin girmamawa da kurciya a miƙe tsaf. Ta sa tabarau ta duba, ta mayar masa ta ce, “Juya ta, ɗana. Tun ranar farko za ka fara ƙarya?”

Mama, ke ce kika ƙi yi wa yarinya ƙarya, kuma kika ƙi bari a kore ta da gaskiya rabi. Ke ce kika ga barcinmu da makararmu shekara da shekaru kika rufa mana asiri, ba ki buɗe ba sai ranar da buɗewar za ta ceci wani. Mun gode. Allah ya ba gwiwoyin nan sauƙi, ya ƙara miki kwana mai albarka. Ku kuma da aka ba ku riƙon wani littafi, ko wata ƙofa, ko wani hatimi, a coci ne, a makaranta ne, ko a ofis, ku yi koyi da ita: ku buga gaskiya, sannan ku ɗaga kai ku dubi mai katin.

Da aka watse, bas yana tsaye a ƙofar coci, fasinjoji suna ta mita. ’Yar Direba ta sauko daga kujerar gaba, kujerar da ba ta taɓa bar wa kowa ba, ta riƙo hannun Mama ta hawar da ita. Wani ya ɗaga murya daga baya ya ce sun yi minti biyar a tsaye. Direba ya gyara madubi ya ce, “Yi haƙuri, yallaɓai. Wannan ko awa ce zan jira ta.”